Dorade: tsohon jirgin katako da ya ƙi yin ritaya

1/ A watan Yulin 2013 an yi tseren jiragen ruwa daga Kalifoniya zuwa Hawaii, tafiyar sama da kilomita 4,000 a tsakiyar teku. Jiragen zamani na miliyoyin daloli sun hallara. Da aka gama lissafi, wanda ya ɗauki kofi wani jirgin katako ne ɗan shekara 83. Sunansa Dorade. Ku gyara zama, zaren yau da ɗan tsawo 🧵

2/ Kafin mu yi nisa, bari in fayyace irin jirgin da nake nufi. Iska ce ke tura shi. Ana kafa dogon jigo a tsakiyarsa, a ɗaura masa manyan filafilai na yadi, iska ta cika su, jirgi ya tafi. In iska ta ɗauke, kun zauna ke nan kuna kallon juna. Ko akwai inji a ciki, dokar tsere ta hana a tuƙa da shi.

3/ Kada ku ɗauka wani ƙaton jirgi ne. Tsawon Dorade ƙafa 52 ne, kusan mita 16, wato kamar tirela guda. Faɗinsa kuwa ƙafa 10 da inci 3, ɗan sama da mita 3. Ku riƙe wannan faɗin a ranku, don a kansa aka yi ta cacar baki, kuma a kansa labarin ya ginu.

4/ Wanda ya zana shi Olin Stephens ne, haifaffen New York a 1908. Shekarunsa 21 kacal lokacin. Ya shiga jami'ar MIT, rashin lafiya ta dawo da shi gida tun bai yi nisa ba, bai kuma koma ba. Zanen jirgi a ofisoshin masu sana'ar ya koye shi, da kuma yawan zama a kan ruwa tun yana yaro.

5/ Yana da ƙane, Rod Stephens, shekara ɗaya tsakaninsu. Shi ma ya bar jami'a ya kama aiki a wajen maƙera jirage a City Island, wani ɗan tsibiri a gefen New York. Olin mutumin takarda da fensir ne, ba shi da yawan magana. Rod kuwa mutumin igiya da guduma ne, shi ke hawa can ƙololuwar jigo in abu ya lalace.

6/ A 1929 Olin ya haɗa kai da wani dillalin jirage, Drake Sparkman, suka kafa kamfanin Sparkman & Stephens. Ku duba shekarar da kyau. A watan Oktobanta ne kasuwar hannun jari ta New York ta rushe, attajirai suka wayi gari ba su da ko sisi. Wa zai ba yaro ɗan 21 kwangilar jirgin shaƙatawa a irin wannan lokaci?

7/ Mahaifinsu ne ya yi shahada. Roderick Stephens babba ɗan kasuwar gawayin kwal ne. Ya zaro kuɗinsa ya ce a ƙera jirgin da ɗansa ya zana, duniya ta gani. Aikin ya ci dala 28,000, kuɗi mai ciwo a lokacin. In jirgin ya kunyata, kuɗin uba sun tafi, sunan ɗa ya mutu tun bai tashi ba.

8/ To me ya sa ake tsoron zai kunyata? Saboda a zamanin, Amurkawa sun yi imani jirgin da zai shiga babban teku dole ya zama mai faɗi da nauyi, da kaurin katako, irin na masuntan gabar arewa maso gabashin ƙasar. Hujjarsu mai sauƙi ce: da irin waɗannan kakanninsu suka je kamun kifi suka dawo da rai.

9/ Olin ya ɗauki wata hanya dabam. Ya kalli ƙananan jiragen tsere na kusa da gaɓa, sirara masu tsaga ruwa kamar wuƙa, ya ce me zai hana a yi irinsu don babban teku? Ya matse faɗin. Ya kai nauyin can ƙasa: darma mai yawa aka ɗaure a ƙarƙashin ƙashin bayan jirgin, a waje, cikin ruwa.

10/ Hikimar darmar ita ce: in iska ta kwantar da jirgi gefe, nauyin da ke ƙasa zai jawo shi ya miƙe. Kun san abin wasan yaran nan mai nauyi a gindi, da in ka ture shi sai ya tashi tsaye? Haka abin yake. Jirgi mai faɗi da faɗinsa yake dogara. Dorade da zurfinsa ya dogara.

11/ Haƙarƙarin jirgin ma an sauya. Maimakon a yanko manyan gungume masu kauri, sai aka ɗauki siraran sandunan itacen oak, aka turara su da tururi har suka yi laushi, aka lanƙwasa su, aka jera kusa da kusa. A kansu aka shimfiɗa allunan mahogani. Jiki ya fito da ƙarfi, nauyi ya ragu.

12/ Jigo biyu gare shi: babba a gaba, ƙarami can baya. Amfanin ƙaramin, yana taimaka wa matuƙi daidaita jirgi, kuma in guguwa ta taso ana iya sauke babban filafili a ci gaba da ƙanana. A masana'antar Minneford da ke City Island aka ƙera shi, Rod na tsaye a kan aikin. Ya shiga ruwa a 1930.

13/ Tsofaffin matuƙa suka zo kallo suna girgiza kai. Wannan siririn abu? Ai teku zai haɗiye shi da su duka. A shekarar aka shiga tseren zuwa tsibirin Bermuda, Dorade ya zo na biyu a rukuninsa. Ba laifi. Amma ba wanda ya canza ra'ayi saboda na biyu. Babbar jarrabawa tana gaba.

14/ Ranar 4 ga Yuli, 1931, jirage 10 suka tashi daga Newport a Amurka za su tsallaka Tekun Atlantika zuwa Plymouth a Ingila. Sama da kilomita 5,000. Ku ƙiyasta Kano zuwa Legas sau biyar, ba tasha, ba gari, ba wanda zai kawo ɗauki. Dorade na cikin ƙananan jiragen da suka shiga.

15/ A irin wannan tsere, dogon jirgi ya fi gudu. Ƙa'idar ruwa ce: iyakar gudun jirgi irin wannan tana bin tsawon jikinsa da ke cikin ruwa. Akwai manya irin su Landfall da Highland Light, kowa a kansu ya sa ido. A cikin Dorade mutum 7 ne, kusan duk samari, sai mahaifin su Olin.

16/ Ku tsaya nan kaɗan. Uba da 'ya'yansa maza biyu a cikin jirgi ɗaya, wanda masana suka ce ba zai kai labari ba. Ba GPS, ba tauraron ɗan'adam, ba jirgi mai saukar ungulu da zai zo ceto. Kamfas ne, da agogo, da na'urar auna tsayin rana da taurari, sai lissafi a takarda.

17/ Yawancin jiragen suka bi ta kudu, inda wani ruwa mai ɗumi ke gudana zuwa gabas yana ɗan tura jirgi, kuma ba ƙanƙara. Olin ya juya hancin jirginsa arewa, ta gefen Newfoundland. Can akwai hazo mai rufe ido, sanyi mai shiga ƙashi, da tsaunukan ƙanƙara masu yawo. A wannan yanki Titanic ya nutse a 1912.

18/ Me ya kai shi? Lissafi. Ɗauki lemo, sa ɗigo biyu a sashensa na sama, ka miƙa zare tsakaninsu ka ja shi sosai. Za ka ga zaren ya karkata ta sama. Duniya a dunƙule take, taswirar bango ce ke ruɗar mu. Hanya mafi gajarta daga Amurka zuwa Ingila ta arewa take lanƙwasawa.

19/ Bayan kwana 17 Dorade ya iso Plymouth. Ba rediyon da ya gaya musu inda sauran suke, suna tsammanin manyan sun daɗe da isowa. Ashe su ne na farko. Jirgi na biyu sai bayan kwana biyu ya bayyana. Kai jama'a! Ƙaramin jirgi ya riga manya isowa ido da ido, tun kafin a zo maganar rangwame.

20/ Bari in bayyana rangwamen nan, za mu buƙace shi a gaba. Tunda dogon jirgi ya fi gudu, ana auna kowane jirgi a ba shi maki, sai a gyara lokacinsa da shi. Ƙarami ana rage masa, babba ana ƙara masa. Da aka yi wannan lissafi a 1931, ratar Dorade ta kai kusan kwana huɗu.

21/ Ba su huta ba. A watan Agusta suka shiga tseren Fastnet: daga Cowes a kudancin Ingila, a zagayo wani dutse mai fitila a gefen Ayilan, a dawo Plymouth, kusan kilomita 1,100. An sha iska a shekarar, har wani matuƙi ya faɗa teku daga wani jirgi ba a same shi ba. Dorade ya sake lashewa.

22/ Da suka koma New York, aka jera su a motoci aka zaga da su titin Broadway, mutane na watso takardu daga saman benaye. Irin tarbar da aka yi wa Charles Lindbergh a 1927 bayan ya tsallaka Atlantika a jirgin sama shi kaɗai. Ƙasa na cikin matsin tattalin arziki, mutane na neman abin murna.

23/ Daga nan sai ƙari. 1932, ya ci rukuninsa a tseren Bermuda. 1933, Rod ya tuƙa shi zuwa Norway, ya gangaro Ingila ya sake cin Fastnet, ya tuƙo shi gida. Sannan aka sayar wa James Flood na San Francisco, wanda ya kai shi Tekun Fasifik ya lashe tseren Hawaii na 1936. Ku riƙe wannan shekarar.

24/ Amma gaskiya ɗaya ce, jirgin yana da aibu. In iska ta biyo shi ta baya, yana tangaɗi hagu da dama har cikin mutum ya juya. Sirantar da ta ba shi gudu ita ta jawo haka. Olin bai yi gardama ba. Jirgin da ya zana wanda ya shiga ruwa a 1934, Stormy Weather, ya ƙara masa faɗi, shi ma ya ci Atlantika da Fastnet a 1935.

25/ Akwai wata 'yar ƙirƙira da ta fito daga wannan jirgi, wadda ni ta fi burge ni. Matsalar ita ce: mutanen da ke kwana a cikin jirgi suna buƙatar iska. In ka buɗe rami a rufin, iska za ta shigo, amma igiyar ruwa ma za ta biyo ta. In ka toshe, zafi da ɗanshi su dame ku.

26/ Maganin: a ɗora ƙaho mai buɗaɗɗen baki a kan ƙaramin akwati. A cikin akwatin, bututun da ke sauka ɗaki yana gefe guda, bakinsa a ɗage. Ruwa ya shigo ta ƙaho, ya faɗi ƙasan akwati, ya fita ta ƙananan huda. Iska kuwa ta kewaya ta shiga bututu. Har yau ana kiran abin akwatin Dorade, jirage ko'ina suna da shi.

27/ 'Yan'uwan nan biyu fa ba su tsaya nan ba. Olin ya sa hannu a zanen Ranger da ya ci Kofin Amurka a 1937, sannan ya zana Columbia, Constellation, Intrepid, Courageous da Freedom, duk sun ci kofin. Rod kuwa a Yaƙin Duniya na Biyu ya taimaka wajen ƙera DUKW, motar soja mai tafiya a ƙasa da ruwa.

28/ To shi Dorade fa? Duniya ta wuce shi. Daga shekarun 1960 aka koma ƙera jirage da fiba, daga baya aka zo da zaren kabon mai sauƙi kamar kara, mai ƙarfi kamar ƙarfe. Dorade ya yi ta sauya hannu, ya shafe shekaru a yankin Seattle. Jiragen katako da yawa na zamaninsa a wannan tsakanin suka ruɓe.

29/ Jirgin katako ba ya mutuwa rana ɗaya. Ruwan sama ne babban maƙiyinsa, ya fi na gishiri ɓarna: ya sulale ta tsaga, ya kwanta a lungu, ruɓa ta fara. Kusoshi su ci, haƙarƙari ya tsage, alluna su saki. Mai shi ya ce bari sai baɗi. In baɗin ta yi yawa, sai a wayi gari gyara ya fi sabo tsada.

30/ Dorade ya yi sa'ar masu riƙo. A 1997 wani ɗan Italiya, Giuseppe Gazzoni, ya kai shi masana'antar Argentario a gaɓar Italiya aka yi masa babban gyara. Olin yana raye. Tsoho ɗan kusan 90 ya sake hawa jirgin da ya zana yana ɗan 21. Ya rasu a 2008, yana da shekara 100 cif.

31/ Bayan gyaran, rayuwar Dorade ta zama irin ta tsofaffin jiragen da aka farfaɗo da su: fenti na sheƙi, tagulla na walƙiya, a fita tseren yini ɗaya kusa da gaɓa, a ɗau hotuna, a dawo kafin magariba. Ba wanda ya ga laifin haka. Tsoho ai hutu ya kamace shi.

32/ Sai 2010, wani ɗan kasuwa daga yankin San Francisco, Matt Brooks, da matarsa Pam Rorke Levy suka saye shi. Suka ce za su mayar da shi babban teku, ya maimaita manyan tseren nan huɗu da ya yi a ƙuruciyarsa: Atlantika, Fastnet, Bermuda da Hawaii. Nan fa aka yi musu ca.

33/ Masu suka suna da hujja, kada mu raina su. Suka ce jirgin nan kayan tarihi ne, guda ɗaya ne a duniya, in ya nutse ba a samo wani. Kuma ba katako kawai ke cikin haɗari ba, akwai rayukan matuƙa. A Fastnet na 1979 guguwa ta kashe matuƙa 15, a jiragen da suka fi Dorade ƙuruciya nesa ba kusa ba.

34/ Su Brooks suka amsa da aiki. Aka fitar da jirgin a Rhode Island, aka bi shi gaɓa-gaɓa. Abin da ya gaji aka sauya, har da jigo, aka sake yin na katako. Aka sa na'urorin sadarwa da na ceto na zamani, aka yi sababbin filafilai. Siffar jikin kuwa, wadda Olin ya zana, ba a taɓa ta ba.

35/ Suka fara gwaji, suka shiga tseren Bermuda a 2012, suna koyon halin jirgin. Sannan Yulin 2013, tseren Hawaii, wanda ake kira Transpac: daga Los Angeles zuwa Honolulu. Manyan jiragen kabon suka isa tun da wuri. Dorade ya iso bayan kwana 12 da 'yan sa'o'i, yana tangaɗinsa na gado.

36/ Aka buga lissafin rangwame, Dorade ya fito na ɗaya a kan kowa. Shekara 77 bayan nasarar 1936, jirgi ɗaya, tsere ɗaya, kofi ya dawo. Wani abin kuma, a 1936 kwana 13 ya yi a hanya. Wato yana ɗan 83 ya fi lokacin da yake ɗan 6 sauri, da ɗan fiye da yini guda.

37/ Na san wani zai ce a ƙasa: ai rangwame ne ya ba shi. Haka ne, bai riga jiragen kabon isa ba, ba zai taɓa iyawa ba. Amma rangwamen kowa aka yi wa, da ma'auni ɗaya. Abin da lissafin ke tambaya shi ne wa ya fi matso iyakar abin da jirginsa zai iya. Matuƙan Dorade ne suka fi.

38/ Suka ci gaba. Bermuda a 2014. A 2015 ya sake tsallaka Atlantika, ya shiga Fastnet, a duka biyun ya zo na biyu a rukuninsa. Alkawarin tsere huɗu ya cika. A 2017 suka ƙara da wanda Dorade bai taɓa yi ba, Sydney zuwa Hobart a Ostireliya, tseren da ya yi suna wajen mugun teku. Ya gama lafiya.

39/ Yanzu ga tambayar da ke cin raina. An sauya alluna, an sauya haƙarƙari da dama, an sauya jigo, filafilai kam an sauya su ba adadi. To wannan Dorade ɗin na 1930 ne, ko wani jirgi ne ya ari sunansa? Girkawan da ma sun yi wannan gardama a kan jirgin Theseus, da aka yi ta sauya masa katako ɗaya bayan ɗaya.

40/ Ga nawa ra'ayin. Jirgin katako tun ranar da aka ƙera shi an san za a riƙa sauya masa alluna, haka sana'ar take. Abin da Olin ya ƙirƙiro siffa ce, da yadda take tsaga ruwa, da yadda take miƙewa in iska ta kwantar da ita. Wannan ba a ganinsa a ɗakin ajiya. Sai an sa jirgin a teku.

41/ Kuma gyaran da ake yi don aiki ya bambanta da wanda ake yi don ado. In jirgi zai tsaya a gaɓa ne, ruɓaɓɓen katako na iya ɓuya a bayan fenti shekara goma. In mutum zai kwana a cikinsa kilomita 2,000 daga tudu, dole a tono kowace kusa a duba. Tseren da aka ji tsoron zai kashe Dorade shi ya tilasta aka yi masa gyaran gaske.

42/ Ban ce masu tsoron sun yi kuskure ba. Teku ba ya duba tarihi, dare ɗaya ya isa a rasa jirgin. Su Brooks sun san haka suka fita, kamar yadda Roderick Stephens ya sani a 1931 da ya shiga da 'ya'yansa biyu. Kuma a faɗi gaskiya, irin wannan gyara sai mai kuɗi sosai. Jirage da yawa ba su samu nasu attajirin ba.

43/ Ku fa? Da a hannunku yake, za ku killace shi jikoki su zo su gani, ko za ku sake shi ya shiga teku da duk haɗarin da ke ciki? Ku faɗa min a ƙasa, da dalili, ba ƙuri'a kawai ba. A tura wa wanda ake ganin zai so shi.